Wendell Johnson da Binciken I'ina: Tarihin Tasirin Wani Malami

GABATARWA

Idan ana zancen tasirin malami a fagen ilmi, abin da aka saba ƙidayawa shi ne littattafan da ya wallafa, da ɗaliban da ya yaye, da yawan waɗanda suka kafa hujja da maganarsa. Wannan ma'auni yana da amfaninsa, amma yakan ɓoye wata tambaya da ta fi shi nauyi, watau shin abin da malamin ya yaɗa gaskiya ne, kuma idan ba gaskiya ba ne, wa ya ɗauki asarar? Wannan lacca za ta bi tarihin mutum guda domin duba wannan tambaya. Mutumin shi ne Farfesa Wendell Johnson na Jami'ar Ayowa ta ƙasar Amurka, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1965, wanda kuma ra'ayinsa game da asalin i'ina ya mamaye fagen nazarin matsalolin murya da furuci har kimanin shekara 30.

I'ina, wadda wasu ke kira in'ina, ita ce sarƙewar magana ta hanyar maimaita sauti ko gaɓa, ko jan sauti, ko toshewar murya baki ɗaya, alhali mai maganar ya san sarai abin da yake son faɗa. Kimanin mutum 1 cikin kowane 100 na manya yana fama da ita. A cikin yara kuwa, 5 cikin 100 ko fiye sukan taɓa yin ta na wani lokaci, galibi tsakanin shekara 2 zuwa 4 da haihuwa. A cikin manya, maza sun ninka mata kusan sau 4. Don haka duk abin da masana suka yanke a kanta yana shiga gidaje da makarantu masu ɗimbin yawa.

ABIN DA JOHNSON YA TARAR

Tun zamanin da, mutane sun fi neman dalilin i'ina a harshe, domin shi ne ake gani yana kakarewa. A 1841 wani shahararren likitan fiɗa a birnin Balin, Johann Dieffenbach, ya shiga yanke wani yanki daga gindin harshen masu i'ina, a lokacin da ba a fara amfani da maganin sa barci ba. Likitoci a Faransa da Ingila suka bi sahunsa, wasu majiyyata suka rasa rayukansu, sa'an nan aka watsar da aikin. A farkon ƙarni na 20 kuma mabiyan Sigmund Freud suka ɗauke ta a matsayin alamar wata damuwa da ke ɓoye a rai tun ƙuruciya.

A Jami'ar Ayowa ne aka fara mai da gyaran magana fanni mai zaman kansa, wanda ake yi wa bincike da na'urori da ƙididdiga. Carl Seashore, masanin halayyar ɗan Adam, shi ne ya share fagen, ɗalibinsa Lee Edward Travis kuma ya ja ragamar aikin bayan ya sami digirin dakta a 1924. Travis da likitan ƙwaƙwalwa Samuel Orton suka fito da wani ra'i mai jan hankali. Suka ce harshe da leɓɓa da muƙamuƙi a tsakiyar jiki suke, kuma suna karɓar umurni daga ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu a lokaci guda. Dole ɓari ɗaya ya zama jagora. Idan babu wanda ya rinjayi ɗan'uwansa, sai umurnin ya zo a saɓe, magana ta sarƙe. A ganinsu, tilasta wa bahagon yaro ya koma aiki da hannun dama yana daga cikin abubuwan da ke kawo wannan saɓani. Maganin ke nan a mai da mutum kan hannun da aka yi zaton shi ne nasa na asali.

DAGA MAI NEMAN MAGANI ZUWA MAI BINCIKE

An haifi Johnson ranar 16 ga Afrilu, 1906, a ƙauyen Roxbury ta Jihar Kansas, a gidan manoma. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, yana ɗan shekara 5 ko 6 wata malamar makaranta ta gaya wa iyayensa cewa ya fara i'ina, kuma daga nan ne abin ya yi ta tsananta. A 1926 ya isa Ayowa domin karatu da neman magani. Ya miƙa kansa ga kowane irin gwaji. Ko da yake shi badame ne, an ɗaure hannun damansa da filastar ɗori domin a mai da shi bahago, ya yi shekaru yana ƙoƙarin rubutu da hagu, amma i'inarsa ba ta gushe ba. Ya sami digirin dakta a 1931, ya zauna a jami'ar yana koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Abu biyu ne suka raba shi da ra'in malaminsa. Na farko shi ne ƙidaya. Daga 1935 Johnson da abokan aikinsa, musamman John Knott da Spencer Brown, suka riƙa sa masu i'ina karanta rubutu da ƙarfi, su kuwa suna yin alama a kan kowace kalma da aka sarƙe. Suka gano cewa i'ina ba ta faɗawa a ko'ina kara zube. Idan mutum ya karanta shafi ɗaya sau 5 a jere, sarƙewar takan ragu da kusan rabi. Kalmomin da ya sarƙe a karatun farko, su ne ya fi komawa ya sarƙe a na biyu. Mai i'ina yakan iya nuna kalmar da za ta ba shi wahala tun bai kai gare ta ba. Brown kuma ya nuna a 1945 cewa kalmar da ta fara da baƙi, ko mai tsawo, ko mai ɗauke da ma'anar jimla, ko wadda ta zo a farkon jimla, ita ta fi jawo sarƙewa. Johnson ya ga cewa duk wannan ya fi kama da ɗabi'ar da aka koya, wadda tsoro da tsammani ke tafiyar da ita.

Na biyu shi ne littafin Alfred Korzybski mai suna Science and Sanity, wanda ya fito a 1933. Korzybski ya koyar da cewa kalma daban, abin da take nufi daban, kuma sunan da aka laƙaba wa abu yakan sauya yadda mutane ke ganinsa da yadda suke mu'amala da shi. Johnson ya rungumi wannan koyarwa hannu biyu, ya ɗora ta a kan labarin ƙuruciyarsa.

RA'IN LAƘABI

Ra'in da ya fito daga wannan haɗi ana iya kiransa ra'in laƙabi, kuma ga yadda yake. Duk yaron da ke koyon magana yakan yi tuntuɓe, ya maimaita kalma, ya tsaya yana laluben ta gaba. Wannan ba cuta ba ce. Amma idan iyaye masu zaƙewa suka ji haka suka tsorata, suka ce yaronsu mai i'ina ne, suka shiga gyara masa magana da tsawa ko da fuskar damuwa, sai yaron ya fara tsoron tuntuɓen. Garin ƙoƙarin kauce masa sai ya riƙa ɗaure numfashi, yana matse leɓɓa, yana runtse ido. Wannan kokawa ita ce i'ina. Watau a ganin Johnson cutar tana farawa ne a kunnen mai sauraro kafin ta isa bakin yaro, kuma gano ta da aka ce an yi shi ne ya haife ta.

Ra'in ya yi farin jini saboda dalilai masu ƙarfi. Ya yi bayanin abin da kowa ya sani, cewa mai i'ina yakan rera waƙa sumul, ya yi karatu tare da jama'a ba gargada, ya yi hira da dabba ko jariri lafiya lau, amma ya kakare gaban malami ko alƙali. Ya kuma ba da fata, domin abin da aka koya ana iya mantawa da shi, ana kuma iya hana shi aukuwa. Daɗin daɗawa, mai ra'in shi kansa mai i'ina ne, ga shi da alƙalami mai daɗi. Abin da ya rage shi ne hujja ta gwaji.

MARAYUN DAVENPORT

A garin Davenport akwai wani gidan marayu na Gwamnatin Jihar Ayowa, wanda aka kafa tun bayan yaƙin basasar Amurka domin 'ya'yan sojoji. Malaman jami'ar sun saba zuwa can yin bincike, domin ga ɗaruruwan yara a wuri ɗaya, ba kuma iyayen da za a nemi izininsu. A watan Janairu na 1939 Johnson ya tura ɗalibarsa Mary Tudor, mai neman digiri na biyu, ta gwada ra'in.

Aka tantance yara 256, aka zaɓi 22. Goma daga cikinsu an riga an san su da i'ina, 12 kuwa maganarsu lafiya take. Aka raba masu i'inar gida biyu: 5 aka riƙa gaya musu cewa maganarsu ba ta da aibi, 5 aka bar su da laƙabinsu. Aka raba masu lafiyar su ma gida biyu: 6 aka riƙa yabon maganarsu, sauran 6 kuwa, masu shekara 5 zuwa 15, aka gaya musu ƙarya. Aka ce musu an bincika an ga alamun i'ina sun fara bayyana a bakinsu, lalle su yi hattara, kada su buɗe baki sai sun tabbata za su faɗi abu daidai. Malamansu da masu kula da ɗakunan kwanansu ma an gaya musu wannan ƙaryar, aka nemi su riƙa jan hankalin yaran duk lokacin da suka yi tuntuɓe. Tudor ta riƙa zuwa bayan 'yan makwanni tana ganawa da kowane yaro, har zuwa ƙarshen watan Mayu.

Abin da ta rubuta a kundin digirinta ya nuna cewa yaran nan 6 sun canza. Sun rage magana, sun koma amsa tambaya da kalma ɗaya ko biyu, suna sunkuyar da kai, suna rufe baki da hannu, karatun wasunsu ya ja da baya. Amma game da ainihin abin da aka je nema, alƙaluman sun ba da wata amsa dabam. A ma'aunin santsin magana da masu tantancewa suka yi amfani da shi, 2 daga cikin yaran sun ƙaru, 2 suna nan yadda suke, 2 sun ragu. Watau an yi nasarar sa wa yaran tsoron magana, ba a kuwa nuna cewa an sa musu i'ina ba. Daga baya Tudor ta koma gidan marayun har sau 3 tana ƙoƙarin warware abin da ta ƙulla.

Johnson bai taɓa buga wannan bincike a wata mujalla ba, bai kuma kafa hujja da shi a manyan littattafansa ba. Masu tarihi sun kawo dalili biyu. Wasu sun ce bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka ji irin gwaje-gwajen da likitocin Nazi suka yi a kan fursunoni, an ga cewa fitar da labarin zai zubar masa da mutunci. Wasu kuma sun ce sakamakon ne bai goyi bayan ra'in ba. Ko wanne ne, kundin ya zauna a ɗakin karatu na jami'ar, ɗalibai suna raɗe-raɗinsa da wani suna mai ma'anar "binciken dodo", ra'in kuwa ya fita duniya ba tare da shi ba.

YADDA TASIRIN YA YAƊU

A 1942 Johnson ya buga sakamakon hira da iyayen yara 46 masu i'ina da na wasu 46 marasa ita, ya ce abin da iyayen farko suka ji a bakin 'ya'yansu ranar da suka fara damuwa bai bambanta da tuntuɓen kowane yaro ba. A 1944 ya ƙara da wata hujja wadda ta fi kowace shiga zukatan jama'a. Ya ce ƙabilun Bannock da Shoshone na Jihar Idaho, daga cikin 'yan asalin Amurka waɗanda Turawa suka laƙaba wa Indiyawa, ba su da kalmar i'ina a harshensu, ba su kuma da mai yin ta, saboda ba sa matsa wa yara a kan magana. Ɗalibinsa John Snidecor ya ƙarfafa wannan batu a 1947. A 1959 kuma babban littafinsa The Onset of Stuttering ya fito, ɗauke da bayanan iyayen yara 246 masu i'ina da na wasu 246 da aka kwatanta su da su.

Hujja kaɗai ba ta isa ta bayyana irin karɓuwar da ra'in ya samu ba. Sai an duba kujerun da mai shi ya hau. Travis ya bar Ayowa a 1938, Johnson ya zama jigon cibiyar da ta fi kowace yaye malaman wannan fanni a Amurka. Ya yi editan babbar mujallar fannin daga 1943 zuwa 1948, ya shugabanci ƙungiyar masu gyaran magana da ji ta Amurka a 1950. Littafin da shi da abokan aikinsa suka rubuta domin malaman makaranta a 1948 an yi ta sake buga shi, ya zama abin karatu a kwalejojin horon malamai. Ɗalibansa, irin su Oliver Bloodstein da Dean Williams da Frederic Darley, sun watsu a jami'o'i da asibitoci, kowanne ya yaye nasa ɗaliban. Darley ma ya koma asibitin Mayo, inda shi da Arnold Aronson da Joe Brown suka tsara rabe-raben matsalolin furuci da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke kawowa, ta hanyar saurare da ƙidaya, tsarin da har yanzu ake koyarwa.

Ta wannan hanya ra'in ya sauka daga jami'a ya shiga ɗakin likitan yara da littattafan reno. Shawarar da ake ba iyaye ta zama guda: kada a ambaci kalmar i'ina gaban yaro, kada a nuna an lura, a yi shiru za ta wuce. Alherin wannan shawara shi ne ta rage tsawa da duka da ba'a. Sharrinta kuwa biyu ne. Iyaye da yawa sun rayu da zargin kansu cewa su ne suka nakasa ɗansu. Masu gyaran magana kuma sun daɗe suna tsoron taɓa ƙaramin yaro kai tsaye, sai su jira ya girma, alhali shekarun farko ne magani ya fi ci.

YADDA RA'IN YA RUSHE

Ra'in bai faɗi rana ɗaya ba. Hujjar Indiyawa ce ta fara tsagewa. A 1953 masanin zamantakewa Edwin Lemert ya ba da rahoton masu i'ina da kalmomin kiranta a cikin ƙabilun gaɓar tekun Fasifik ta arewa. A 1983 Gerald Zimmermann da abokan aikinsa, ciki har da Sven Liljeblad wanda ya yi shekaru masu yawa yana nazarin harsunan Bannock da Shoshone, suka nuna cewa mutanen nan da aka ce ba su da kalmar suna da kalmomi da dama, suna kuma da masu i'ina. Masu binciken farko baƙi ne, ba su ji harshen ba, baƙo kuwa ko yana da ido ba ya ganin gari. Wannan darasi ne ga duk mai nazarin harshe: rashin jin kalma a bakin tafinta ba hujja ba ce ta rashinta a harshen.

Hujjar iyaye ita ma ta kasa tsayawa. Marcel Wingate, a 1962, da wasu bayansa, suka koma kan jadawalin da ke cikin binciken Johnson suka karanta shi da sabon ido. Suka ga iyayen masu i'ina sun fi ba da rahoton maimaita gaɓa da jan sauti, kamar yaro ya ce "ka-ka-kasuwa" ko "sssauro", su kuwa sauran iyayen sun fi ambaton maimaita yankin jimla da tsayawa da "e to", kamar "zan je, zan je gida". Ashe kunnen iyayen bai yi ƙarya ba, wani abu dabam suka ji. Ga shi kuma an yi hirar ne watanni da yawa bayan farawar abin, an dogara da tunawa. Adalci ne a faɗi cewa Johnson kansa ya sassauta a 1959, ya ce abu uku ne ke haɗuwa: yawan tuntuɓen yaro, da yadda mai sauraro ya ɗauke shi, da yadda yaron ya ji a ransa. Amma sassaucin bai yaɗu kamar yadda ra'in farko ya yaɗu ba.

Sai gwaji ya biyo baya. A 1972 Richard Martin da abokan aikinsa a Jami'ar Minnesota suka sa yara 2 'yan ƙasa da shekara 5 hira da wata 'yar tsana mai magana a cikin akwati mai fitila. Duk lokacin da yaro ya sarƙe, sai fitilar ta mutu, 'yar tsanar ta yi shiru na daƙiƙa 10. Bisa ga ra'in laƙabi, wannan jan hankali ya kamata ya tsananta i'inar. Sai ga shi ta ragu ƙwarai a bakin yaran biyu. A kan irin wannan tushe ne Mark Onslow da abokan aikinsa a birnin Sidni na Ostareliya suka gina shirin Lidcombe, inda iyaye, ƙarƙashin kulawar ƙwararre, suke yabon yaro idan ya yi magana sumul, su kuma nuna masa cikin taushi idan ya sarƙe. Gwajin da aka buga a 2005 a kan yara 54 ya nuna amfanin shirin.

Daga ɓangaren gado kuma hujjoji suka yi ta taruwa. An daɗe da sanin cewa i'ina tana bin dangi, Johnson kuwa ya fassara wannan da cewa damuwar ce ake gado, ba cutar ba. Binciken tagwaye ya warware wannan, domin tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi haɗuwa a kan i'ina fiye da waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, ko da yake duka a gida ɗaya suke tashi. Wani babban bincike na tagwayen Ostareliya a 2000 ya ƙiyasta rabon gado da kimanin kashi 70 cikin 100. A 2010 ƙungiyar Dennis Drayna ta gano canji a wasu ƙwayoyin gado a cikin dangogin Pakistan masu yawan i'ina, a 2015 kuma ta gano wani a cikin wani babban gida na ƙasar Kamaru mai masu i'ina fiye da 30. Hotunan ƙwaƙwalwa tun daga 1996 sun nuna bambanci a hanyoyin da ke haɗa sassan magana na ɓarin hagu, da ƙarin aiki a ɓarin dama. Watau Travis, wanda ɗalibinsa ya ture ra'insa, ya yi kuskure a kan hannu amma bai ɓata hanya ba da ya nufi ƙwaƙwalwa. Har ila yau, Ehud Yairi da Nicoline Ambrose na Jami'ar Illinois, waɗanda suka bi yara shekara da shekaru tun daga farawar i'inarsu, sun nuna cewa kusan 3 cikin kowane 4 sukan warke da kansu. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa shawarar yin shiru ta riƙa kama da magani: yawancin yaran da ma za su warke ko an yi shiru ko ba a yi ba.

RANAR TONON ASIRI

Johnson ya rasu ranar 29 ga Agusta, 1965, yana da shekara 59, ana ganin girmansa ƙwarai, har jami'ar ta sa wa cibiyar nazarin magana da ji sunansa. A 1988 Franklin Silverman ya yi rubutu a kan binciken Davenport a wata mujallar masana, amma jama'a ba su ji ba sai a watan Yuni na 2001, lokacin da ɗan jarida Jim Dyer ya nemo waɗanda suka rage daga cikin marayun ya buga labarinsu a jaridar San Jose Mercury News. A lokacin sun tsufa, kuma sai a sannan suka san abin da aka yi musu shekara 62 da suka wuce. Jami'ar Ayowa ta nemi gafara a wannan shekara. A 2002 Ambrose da Yairi suka sake lissafa alƙaluman Tudor, suka tabbatar da cewa ba su nuna an haifar da i'ina ba. A watan Agusta na 2007 Gwamnatin Jihar Ayowa ta amince ta biya dala 925,000 ga masu ƙara 6, waɗansu da kansu, waɗansu ta hannun magadansu.

Masu kare Johnson sun ce a 1939 babu dokar da ta hana, domin ƙa'idojin Nuremberg sai a 1947 suka zo, dokar Amurka ta kare waɗanda ake bincike a kansu kuwa sai a 1974. Wannan gaskiya ne. Amma mutumin da ya yi imani cewa laƙabi ne ya lalata masa magana tun yana yaro ya fi kowa sanin abin da yake sa ran zai sami yaran nan idan gwajin ya ci. An kuma zaɓi marayu ne saboda ba su da mai tsaya musu, jami'an gwamnatin da aka damƙa wa amanarsu kuwa suka buɗe ƙofa. Wannan batu na izini ba baƙo ba ne ga mutanen Kano, domin shi ne tushen shari'ar da ta biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996.

ABIN DA YA RAGE

Duk da haka, kuskure ne a shafe sunan Johnson daga littafi. Shi ne ya raba tuntuɓen magana gida 8, ya koya wa masana ƙidaya su a cikin kowace kalma 100, kuma da wannan ma'auni nasa ne aka auna ra'insa aka ga ya gaza. Abin da ya faɗa game da tsoro da gujewa, ko da yake bai bayyana asalin i'ina ba, ya bayyana yadda take girma ta zama nauyi a rayuwar babba. Hanyar da shi da Charles Van Riper, wanda su biyu suka yi karatu a Ayowa, suka koyar, cewa mai i'ina ya daina ɓuya, ya fuskanci kalmar da yake tsoro, har ma ya yi i'inar da gangan domin ya karya tsoronta, tana nan ana aiki da ita. Ko shawararsa ta sassauta wa yaro ba ta mutu ba: wani gwaji a ƙasar Holan a kan yara 199, wanda aka buga a 2015, ya kwatanta shirin Lidcombe da hanyar rage wa yaro matsi a gida, bayan wata 18 aka ga sakamakonsu ya yi kusa da juna.

KAMMALAWA

Tarihin nan ya nuna cewa girman tasirin malami da ingancin ra'insa abubuwa biyu ne da ake auna su dabam. Ra'in laƙabi ya yi mulki ne saboda mai shi yana riƙe da mujalla da ƙungiya da ajin da ake yaye malamai, saboda kuma gwajin da ya kamata ya sa a yi shakka a kansa tun 1939 bai fito fili ba. Ga ɗalibi, wajibi ne ya wuce kammalawar malaminsa ya duba jadawalin da aka gina ta a kai, kamar yadda Wingate ya yi, ya kuma buga sakamakon bincikensa ko da ya saɓa wa abin da ya so. Ga ma'aikacin gwamnati da ke riƙe da makaranta ko asibiti ko gidan marayu, takardar jami'a ba ta isa izini ba, sai ya tambayi abin da za a yi wa yaran, da abin da za a gaya musu, da wanda zai gyara idan an ɓata. Ga iyaye kuwa, abin da bincike ya tsaya a kai shi ne ba su ne ke sa wa ɗansu i'ina ba, ambatonta cikin taushi ba ya ƙara ta, kuma idan ta wuce wata 6 zuwa shekara ba ta ragu ba, ko akwai mai yin ta a dangi, to neman ƙwararre da wuri ya fi jira.